Muryar da Ta Dishe Hutu Take Nema, A Daina Ɗura Mata Kafso

Ya kai mai karatu, idan ka wayi gari muryarka ta dishe, ina roƙon ka da ka bar kuɗinka a aljihu tukuna har ka kai ƙarshen wannan rubutu. Na san inda ƙafarka take son nufa. Daga Unguwar Gabas zuwa Hayin Dogo, daga layukan Samaru zuwa cikin Sabon Gari, da wuya mutum ya yi tafiyar minti biyar bai ga kemis ba, kuma da wuya mai kemis ya ji ka kana magana da kyar bai miƙa hannu kan kwalin kafso ba. Zai ƙirgo maka Ampiclox ko amoksisilin na kwana biyu, gwargwadon abin da ke hannunka, ya haɗa da Piriton, ya ƙara wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya da ba zai gaya maka sunanta ba, ya ƙulle a leda. Bayan mako guda murya ta dawo, ka shiga yabon magani. Abin da nake so in tabbatar maka a yau shi ne wannan ƙulli ba shi da hannu a warkewarka, ya cuce ka ta inda ba ka gani, kuma sabo da shi ya sa mun daina bambance dishewar da za ta wuce da kanta da wadda take iya ɗauke yaro cikin dare ɗaya.

Ɗora yatsanka a gaban wuyanka, daidai zakaran wuya, ka ja sautin "aaa". Karkarwar da ka ji daga akwatin murya take fitowa, wani ɗan gida na guringuntsi da ke zaune a saman bututun numfashi. A cikinsa akwai tantani guda biyu masu laushi, a shimfiɗe daga gaba zuwa baya, tsawon kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba. Idan kana numfashi sai su buɗe. Idan za ka yi magana sai su haɗu, iskar huhu ta ratsa tsakaninsu tana kaɗa su. A wuyan namiji baligi suna kaɗawa fiye da sau 100 a cikin daƙiƙa guda, a wuyan mace kuwa kimanin sau 200. Mutumin da ya shahara da fara ganin su a wuyan mai rai ma ba likita ba ne, wani malamin koyar da waƙa ne ɗan ƙasar Sifaniya mai suna Manuel Garcia, wanda ya leƙa nasa wuyan da ƙaramin madubin likitan haƙori da hasken rana a shekarar 1854.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da makaɗa ya san fatar ganga idan ta sha raɓa takan yi nauyi, amonta ya mutu, kuma ƙara mata duka ba ya dawo da shi. Haka tantanin murya yake idan ya kumbura. Ya yi kauri, bakinsa ba ya haɗuwa daidai, iska tana zurarewa, sai murya ta fito a dishe, ko ta ƙi fita baki ɗaya. Wannan kumburi na farat ɗaya shi likitoci suke kira laringaitis, kuma muddin bai wuce mako uku ba ana lissafa shi cikin mai saurin zuwa, mai saurin tafiya.

Me ke kawo shi? A mafi yawan lokuta, ƙwayoyin bairos ɗin nan ne masu kawo mura. Shi ya sa yakan fara da yoyon hanci, da ƙaiƙayi a maƙogwaro, da busasshen tari, wani lokaci da ɗan zazzaɓi, sannan a rana ta biyu ko ta uku murya ta tafi. Sai kuma wahalar da murya: wunin da aka yi ana ihu a taron siyasa, ko gidan kallon ƙwallo, ko gidan biki. Hayaƙi ma yana yi, na taba da shisha, da na itacen girki a rufaffen madafi, da na maganin sauro da ake kunnawa a rufe ɗaki. Ƙwannafi yana yi, domin ruwan tsamin ciki yakan hauro cikin dare ya taɓa akwatin murya. Mu kuma a nan muna da ƙarin namu, wato hunturu. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar da ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan lulluɓe Zariya har dogon benen nan na Jami'ar Ahmadu Bello ya ɓace a cikin hazo, leɓe ya tsage, hanci ya bushe. Tantanin murya da danshi yake aiki, busasshiyar iska mai ƙura kuwa tana tsotse shi.

To, a cikin duk waɗannan dalilai, nuna mini wanda kafso yake kashewa. Magungunan da ake kira antibayotik an yi su ne domin bakteriya, wata halitta dabam da bairos. Suna aiki ne ta rushe katangar jikin bakteriya ko toshe mata hanyar gina kanta, bairos kuwa ba shi da wannan katanga balle a rushe. Ba a harbin ƙura da kafso, ba a kuma kashe ihun da ka yi jiya da shi. An gwada, ba zato ake yi ba. A shekarar 2015 masu bincike na cibiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwaje uku da aka yi a kan manya 351 masu wannan ciwo. A ɗaya daga ciki, wasu da suka sha eritromaisin sun ce sun ɗan ji dama-dama, amma da aka saurari muryoyin da aka naɗa aka auna su, wanda ya sha fenisilin ko eritromaisin bai fi wanda ya sha ƙwayar banza ba. Masu binciken suka ce ɗan amfanin da aka gani da wuya ya kai a biya shi da kuɗi, da illar magani, da bijirewar ƙwayoyin cuta. A 2018 ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta sake jaddada wa likitocinta kada su riƙa rubuta antibayotik kawai don murya ta dishe.

Na san amsar da ke bakinka: ai ni na sha, kuma na warke. Haƙiƙa ka warke. Da ka sha kunun tsamiya maimakon kafson, da ka warke a wannan ranar, domin ciwon kansa mako ɗaya zuwa biyu yake yi ya tafi. Mutum ba ya zuwa kemis a ranar farko, sai abin ya yi tsanani a rana ta uku, wato daidai lokacin da ciwon ya kai ƙarshen hawansa zai fara gangara. Maganin ya tarar da sauƙi a hanya ne, suka shigo gida tare. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Da a ce kafson ba ya amfani kuma ba ya cutarwa, da na yi shiru, kowa ya yi yadda ya so da kuɗinsa. Amma yana cutarwa. Wani yakan samu gudawa, wata takan samu ƙaiƙayin gaba saboda an kashe ƙwayoyin kirki masu tsaron wurin, wani jikinsa ba ya jituwa da dangin fenisilin, ya feso da ƙuraje ko numfashinsa ya sarƙe. Babbar ɓarnar kuma ba a ganin ta a ranar. A hanjinka da fatarka da hancinka akwai bakteriya iri-iri da ke zaune lafiya da kai. Duk lokacin da ka watsa musu magani na kwana biyu, raunanan su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya shiga jini, ko huhu, ko mafitsara, sai a ɗauko maganin da ya kamata ya yi aiki a tarar ya zama ruwa. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi wannan gargaɗi tun 1945 a jawabinsa na karɓar lambar Nobel, inda ya ji tsoron ranar da kowa zai iya sayen maganin a kanti ya sha ƙasa da ƙima. Wannan rana ta zo, kuma a kanmu ta fi sauka. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 sun mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara. Jaririn da ke kwance a asibiti yau allura ta ƙi kama shi, yana biyan bashin kafson da unguwa guda ta sha a kan mura.

Ita kuwa 'yar mitsitsiyar ƙwayar da ba a gaya maka sunanta ba, sau da yawa deksametason ce ko faranisolon, dangin abin da ake kira sha-ka-fashe. Tana rage kumburi da gaske, shi ya sa take da daɗin sayarwa. Amma tana ɗaga sukarin mai ciwon suga, tana tayar da gyambon ciki, tana ɗaga hawan jini, kuma tana yaudarar mai ciwo ya ga kamar ya warke ya koma ihu a kan tantanin da bai gama haɗewa ba. Likita yakan ba da ita a wasu lokuta bayan ya san abin da yake magani. Piriton da danginsa kuma busar da majina suke yi, har da danshin da tantanin murya yake nema ido rufe. Ka ga an haɗa maka magani uku: ɗaya ba shi da aiki a wurin, ɗaya yana rufe maka ido, ɗaya yana ƙara bushewa. Ban ma taɓo ruwan maganin tari mai kodin ba, wanda gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi tun watan Mayun 2018.

Ba zan ɗora wa mai kemis laifin shi kaɗai ba. Yawancin waɗannan magunguna doka ta ce sai da takardar likita, wannan gaskiya ne. Amma idan ya ce maka je ka ka huta ka sha ruwa, za ka fita kana cewa bai san aiki ba, ka shiga shagon da ke gaba. Haka ma ma'aikacin asibitin da layi ya yi masa yawa, ya san rubuta kafso ya fi saurin sallamar mutum a kan yi masa bayani. Mu ne muka koya musu cewa wanda bai ba da ƙwaya ba bai duba mu ba. Masu cewa asibiti da nisa, ga kuɗin kati, ga wuni a layi, su ma suna da gaskiya, kuma ban ce duk wanda muryarsa ta dishe ya kama hanyar Shika ba. Cewa na yi babban mutum mai dishewar kwana uku, yana numfashi lafiya, yana haɗiya lafiya, ba ya bukatar asibiti kuma ba ya bukatar kemis. Kuɗin kafson nan ya adana su, akwai ranar da za a nemi kuɗin mota da tsakar dare.

Akwai wata hanyar da ta fi kemis ban tsoro, ita ce ta wanzami. Har yau idan tari ya daɗe ko murya ta shaƙe, akan sami dattijuwa a gida ta ce beli ne ya sauko, a kira wanzami ya cire. Ina girmama wanzamai da daɗaɗɗiyar sana'arsu, amma a wannan wuri sun ɓata hanya. Buɗe bakinka a gaban madubi, ɗan naman da kake gani yana reto a can ƙarshen ganɗa shi ne beli. Akwatin murya yana can ƙasa, bayan tushen harshe, inda ido ba ya kaiwa sai da na'ura. Yanke beli saboda murya ta dishe kamar a ce ƙafa na ciwo ne a aske gemu. Abin da ke biyo baya kuwa sananne ne a ɗakunan yara na asibitocinmu: zubar jinin da ya ƙi tsayawa, jini ya gangara huhu, rauni ya ruɓe, cutar tetanus mai sarƙe haƙora, da ciwon hanta ko ƙanjamau idan aska ta bi wuya fiye da ɗaya. Kada ka zaci mu kaɗai muka taɓa yin irin wannan. A watan Disamba na 1799 shugaban Amurka na farko, George Washington, ya kwanta da ciwon wuya da shaƙewar murya, manyan likitocin zamaninsa suka yi ta tsaga shi suna zubar masa da jini, kimanin lita biyu a wuni guda, kafin gari ya sake wayewa ya rasu. Su sun bar wannan hanya da suka gane ba ta fisshe su.

To, mene ne maganin? Shiru. Na san ba shi da daɗin ji, domin ba a ƙulle shi a leda, amma shi ne kan gaba. Tantanin da ya kumbura, duk kalmar da ka furta gogayya ce a kan rauni. Kwana biyu ko uku ka taƙaita magana iyakar iyawarka, ka bar doguwar hira a waya, ka bar ƙwala wa yaro kira daga ɗaki zuwa zaure. Abin da ya zama dole ka faɗa, ka faɗe shi da muryarka ta yau da kullum, a hankali, ga wanda ke kusa da kai. Kada ka koma raɗa kana zaton hutu ne. Raɗa, musamman irin ta dole wadda ake so a ji daga nesa, tana ɗaure naman wuya fiye da sassauƙar magana. Haka yawan gyaran murya da kakarin majina: duk "ehem" ɗin da ka yi, tantanin biyu ka gwara da ƙarfi. Idan abin ya taso, kurɓi ruwa ka haɗiye.

Sai ruwa, a sha shi a kai a kai ko da ba a jin ƙishi, domin a hunturu mutum yakan bushe bai sani ba. Mai ɗumi ya fi daɗin haɗiya, amma ruwan randa ba shi ya kawo ciwon ba, kuma ba zai hana shi tafiya ba. A shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗakin kwana, a rufe hanci da baki da ƙyalle ko rawani idan za a hau babur cikin hazo. A nisanci hayaƙi kowane iri, har da turaren wuta na 'yan kwanakin nan, uwargida ta yi haƙuri. Mai ƙwannafi ya daina kwanciya da cikakken ciki, ya bar awa biyu zuwa uku tsakanin tuwon dare da barci, ya rage yaji da maiƙo. Idan akwai zazzaɓi ko zafin wuya, farasitamol ya isa: babba ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada ya wuce sau huɗu a awa 24. Kada a ba yaro asfirin. Turara fuska da tururin ruwan zafi yakan sa wasu manya su ji sanyi, amma ban yarda a yi wa yaro ba, domin ƙunar da ake samu idan kwano ya kife ta fi dishewar muni nesa ba kusa ba.

Zuma da lemun tsami da citta da kanumfari fa? Ba na yaƙi da su, amma ya kamata ka san iyakarsu. Ka taɓa ƙwarewa? Ɗigon ruwa ɗaya ne ya kuskure ya taɓa akwatin murya, ka ga yadda ka yi ta tari har da hawaye. Allah ya yi wa wurin murfi wanda yake rufewa duk lokacin da ka haɗiye abu, abinci ya bi ta bayansa ya wuce ciki. Saboda haka duk abin da ka sha, zuma ce ko alewar TomTom, ba ya taɓa tantanin murya, kuma kurkurar ruwan gishiri ma ba ta kaiwa can. Amfaninsu shi ne su sanyaya maƙogwaro daga sama, su kawo yawu, su rage tarin da ke gwara tantanin. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kada a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma, tana iya ɗauke da ƙwayar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Lasar kanwa kuwa, ban ga abin da take ƙarawa ba sai gishiri ga mai hawan jini.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda muryarsa ce jarinsa. Malamar firamare mai aji cike maƙil, ladan, alaramma mai jan baƙi a tafsirin azumi, ɗan kamasho a Kwangila, mai talla a kasuwar Sabon Gari. Su ne suka fi kowa sayen haɗin nan, domin ba su da damar yin shiru, kuma su ne shirun ya fi wajaba a kansu. Wanda ya dage yana tilasta wa kumburarren tantani, ƙaramar jijiyar jini tana iya fashewa a cikinsa, ko kuma a hankali ya yi kanta irin ta tafin hannun manomi, murya ta dishe ta zauna haka wata da watanni. A nan maganata da shugabanni take. Hedimastan da yake ganin dishewar murya ba ciwo ba ce tunda malama tana tafiya da ƙafafunta, ya sani kwana ukun da ya hana ta za su iya zame masa zango guda na ajin da ba a jin malaminsa. A bar ta ta koyar da alli da allo, ko a yi mata musanya. Kwamitin masallaci ya tanadi wanda zai karɓi ladan, ya kuma gyara lasifikar da ta sa shi yin ihu tun farko. Wanda yake ganin maƙiya ne suka kama masa murya, ya yi addu'arsa, babu mai hana shi, amma ya haɗa da hutun, ya kuma ƙirga kwanaki.

Yanzu ga inda nake so uwa da uba su tattara hankalinsu, domin duk abin da na faɗa a sama na manya ne da yara da suka tasa. Bututun numfashin ƙaramin yaro siriri ne, kumburin da zai dishe wa babba murya kawai yana iya toshe wa yaro hanyar iska. Tsakanin wata shida zuwa shekara uku aka fi ganin wani nau'i da ke tasowa da dare bayan 'yar mura: yaro ya farka da tari mai kama da haushin kare, muryarsa a dishe. Yawanci bairos ne kuma yakan lafa. Ki ɗauke shi ki zaunar a cinyarki, ki rarrashe shi, domin kuka yana ƙara matse wurin. Amma ki saurara da kyau. Idan kina jin wata ƙara mai kaifi duk lokacin da ya ja numfashi ciki, alhali yana zaune ba kuka yake ba, ko kika ga ramin wuyansa da tsakanin haƙarƙarinsa suna lotsawa, ko leɓensa da harshensa sun sauya launi, ko ya yi laushi ya kasa shan nono, to ba a jiran asuba. A nemi abin hawa a tafi asibiti mai ɗakin gaggawa na yara. A can ne deksametason take da gurbi, sau ɗaya, a ma'aunin nauyin yaron, a hannun wanda yake kallon numfashinsa.

Idan kuma yaro ya yi zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ya kasa haɗiyar ko da yawunsa yana dalala, ya zauna ya miƙa wuya gaba ya ƙi kwanciya, murfin nan na akwatin murya ne ake tsoron ya kumbura. Kada a kwantar da shi, kada a tura masa cokali ko yatsa don a leƙa, kada a ɗura masa komai, balle a kira wanzami. A tafi da shi a zaune.

Sai mashaƙo, wanda da yawa daga cikinmu muka zaci ya zama tarihi har ya dawo. A watan Disamba na 2022 aka sanar da hukumar NCDC ɓullarsa a Kano, ya bazu zuwa jihohi da dama har da tamu ta Kaduna, kuma yawancin waɗanda ya kashe yara ne da ba su kammala rigakafi ba. Yakan fara kamar ciwon wuya na yau da kullum, da ɗan zazzaɓi da dishewar murya, sannan wani tantani mai ruwan toka ya shimfiɗu a maƙogwaro, wuya ya kumbura. Wannan bakteriya ce, kuma a nan ana bukatar antibayotik na gaske, cikakke, tare da allurar karya dafin cutar wadda ba a samun ta a kemis. Kwanakin da aka ɓata ana ba yaro rabin kafso a gida su ne kwanakin da dafin yake isa zuciya. Rigakafinsa yana cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai kyauta a mako na 6 da na 10 da na 14. Ɗauko katin yaronki yau ki duba ko ukun sun cika.

Babba ma yana da ranar da shiru da ruwa ba su isa ba. Wahalar numfashi, kasa haɗiya, tofar da jini, ƙullutu a wuya, ko zazzaɓin da ya ƙi sauka, kowanne daga cikinsu dalili ne na ganin likita ba tare da jira ba. Idan babu ko ɗaya, to ma'aunin shi ne mako uku. Muryar da ta wuce mako uku a dishe ta fita daga sahun mura, sai an leƙa an gani. Tarin fuka yana kama akwatin murya, musamman ga mai tarin da ya haura mako biyu, da rama, da gumin dare. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta tana nan Saye, a bakin ƙofarmu. Ciwon dajin akwatin murya kuma, wanda ya fi kama masu shan taba da barasa da suka manyanta, sau da yawa dishewa ce alamarsa ta farko, a lokacin da ake iya maganinsa a ceci muryar. Sarkin Jamus Frederick na Uku da dishewar murya ya fara a farkon 1887, likitocinsa suka yi ta jayayya a kan abin da ke damunsa, ya hau gadon sarauta a 1888 ba ya iya magana, ya yi kwana 99 ya rasu. Yau abin da ake bukata bai fi 'yan mintoci ba: likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya zura siririyar na'ura mai fitila ta hanci ko ta baki ya kalli tantanin da idonsa. Akwai sashen waɗannan likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Mutum yakan manta ranar da ciwo ya fara, musamman wanda ba ya kwantarwa, sai likita ya tambaya a ce "an kwana biyu". Ranar da murya ta dishe, rubuta kwanan watan a jikin kalanda ko a wayarka. Idan tafiya asibitin ta kama, ka tafi da wannan kwanan wata, da bayanin ko kana shan taba, da ledar duk wani magani da ka riga ka sha, har da 'yar ƙwayar nan da ba ta da suna.